Mai Sayo Tirela Ko Jirgin Fito Daga Wata Jiha: Ciniki Bai Faɗa Ba Sai Takarda Ta Koma Sunanka

 

Farashin gero da dawa da wake yana shafinsa, mai so ya duba can. A nan maganar abin da ke ɗaukar hatsin za mu yi. Tun da man gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 kuɗin dako ya zama abokin rabon riba, har ya kai mutum ya yi lodi daga nan zuwa kudu, in ya zauna lissafi sai ya ga mai mota ya fi shi samu. Saboda haka da yawa daga cikinmu, wani shi kaɗai, wasu su uku su huɗu, suka shiga haɗa kuɗi bayan kaka suna tafiya Legas ko Anaca ko Fatakwal su sayo tirela ta hannu. Wannan dabara ce mai kyau, ba mu kushe ta ba. Abin da muke gani dai shi ne, mutum zai tafi da makaniki tun daga Kano, ya biya masa mota da masauki, a kwana biyu ana sauraron inji ana leƙa giya ana buga taya, amma takardun motar ko minti goma ba za a yi a kansu ba. A miƙo su cikin leda, a cusa a aljihu, a kamo hanya. Alhali kuwa injin da ya lalace ana gyara shi a Kano, takardar da ta lalace kuwa tana iya raba ka da motar ɗungurungum.

Takarda ta farko da za a nema tun kafin a yi maganar kuɗi ita ce ta kwastan. Kusan duk kan tirelar da ake sayarwa na hannu, DAF ne ko MAN ko Mack, daga waje aka shigo da shi, wanda muke ce wa Beljiyam. In an shigo da shi ta tashar jirgin ruwa an biya kuɗin fito, to akwai takarda mai lamba, kuma lambar tana cikin na'urar kwastan, ana iya kai ta ofishinsu a tantance. A watan Janairu na 2017 gwamnatin Shugaba Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu, aka ce sai ta ruwa. Daga nan motoci da yawa suka riƙa biyo daji daga Kwatano, a buga musu takarda a ɗaki. Irin wannan mota tana iya shekara biyar tana yawo ba wanda ya tanka mata, ran da tsautsayi ya faɗa sai 'yan kwastan na sintiri, waɗanda shelkwatarsu ta shiyyarmu ke Kaduna, su tare ta a hanya da buhunanka a kai. Ba ruwansu da cewa kai ne mutum na huɗu da ya saye ta. A hannun wa aka same ta? Shi ke nan.

In takarda ta fito, sai a bi ta da ido zuwa jikin ƙarfe. Lambar casis da aka buga a jikin mota, da lambar inji, a karanta su harafi harafi a gwada da abin da ke rubuce. Mu da muka yi karatun allo mun san bambancin da ɗigo ɗaya ke kawowa, to haka yake a nan. Wanda bai iya boko ba ya sa yaronsa ya karanta, kada ya bar wa dillalin can. In an ga wurin lambar ya sha sabon fenti, ko alamar an goge shi da dutsen wuta an sake bugawa, to a yi sallama a tafi, komai arahar motar. In kuwa an taɓa canza inji, wanda abu ne da aka saba a tsohuwar mota, a nemi rasidin sabon injin.

Akwai wani wuri da mutanenmu ke mantawa. Tirela abu biyu ce, kai da bodi. Sau da yawa kan daga wani wuri yake, bodin daga wani wuri, wani bodin ma a nan ƙasar masu walda suka haɗa shi. Takardar kai ba ta zama shaidar bodi ba. Mun san wanda aka tsayar da motarsa a wata tasha a kudu, wani ya zo ya dafa bodin ya ce nasa ne da aka sace, ya kawo shaidunsa, mai motar kuwa ba shi da ko ƙyallen takarda a kan bodin. Kan ya dawo gida shi kaɗai. Saboda haka a rubuta kowanne daban a takardar ciniki, da lambarsa in yana da ita, da tsawonsa da yawan tayoyinsa da launinsa, a karɓi rasidin wanda ya ƙera shi ko ya shigo da shi.

Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji babin istihƙaƙi a littattafan Malikiyya: in ka sayi abu, mai shi na asali ya bayyana ya kafa hujja, to zai karɓi kayansa ba tare da ya biya ka ko kwabo ba, kai kuma ka koma kan wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka. Haka ake yi da saniya a karar Wudil ranar Juma'a, shi ya sa ba a sayen dabba sai da dillalin da aka sani, wanda in magana ta tashi za a kama shi ya fito da mai ita. To a Wudil ka san gidan dillali, ka san maigidansa. A Legas fa? Mutumin da ka gani sau ɗaya a bakin gareji, lambar wayarsa kaɗai ka riƙe, ran da ka kira aka ce a kashe take, wa za ka kama? Dokar gwamnati ma ta ƙara da nata, don wanda aka samu da kayan sata sai ya yi bayani a gaban 'yan sanda kafin a yarda shi ma zaluntarsa aka yi. Don haka kafin a biya, a je da mai sayarwa ofishin 'yan sanda mai rajistar motoci a duba ko an taɓa kai rahoton satarta. Mai gaskiya ba ya ƙin rakiya. A kuma tambaya ko motar jingina ce a banki, don kamfanonin sufuri da yawa da bashi suke sayen motoci, kuma asalin takardun yana hannun bankin har sai an gama biya. Wanda ya ce maka asalin takarda ta ɓace, ga hoto, to cinikin biri a sama yake so ku yi.

Sai takardar ciniki. Allah Ya yi umarni da rubutu da shaidu a ayar nan mafi tsawo ta ƙarshen Baƙara, amma abin mamaki, sai ka ga Alhaji ya rubuta bashin tiya biyar a littafi, cinikin miliyoyi kuwa ya bar shi a kan amana. A rubuta sunan mai sayarwa kamar yadda yake a takardar mallaka, ba sunan dillali ba, ba na ƙaninsa ba. A manna hotonsa, a ɗauki hoton katin shaidarsa na ɗan ƙasa, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. In motar kamfani ce, takardar ta fito daga kamfanin da hatiminsa. Kuɗi kuma a tura ta banki zuwa asusun mai wannan sunan, don rasidin banki shaida ne da ba ya mutuwa, ba ya tafiya ci-rani. La'adar dillali a ba shi daban.

Ga kuma wata magana da ta fi shafar mu mutanen karkara masu haɗa jari. Mutum huɗu sun haɗa kuɗi, sunan wa za a sa a takarda? Abin da aka saba, a sa sunan babba a ciki, ko wanda ya iya boko. Ana zaune lafiya sai Allah Ya yi masa rasuwa, magada su buɗe akwati su ga takardar tirela da sunan mahaifinsu, su kai ta gaban alƙali cikin kayan gado. Su ba su yi ƙarya ba, abin da suka gani ke nan. Sauran ukun kuma sai rantsuwa da neman shaidu, zumuncin shekara talatin ya lalace a kan ƙarfe. Maganin wannan bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Ko dai a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni a sa motar da wannan suna, ko a rubuta takardar tarayya, wane yana da kashi kaza wane kaza, a yi ta a gaban dagaci da liman, kowa ya riƙe tasa. A rubuta da ajami ma ya yi, in dai shaidu sun sa hannu.

To an iso gida lafiya, an yi addu'a, yara sun kewaye mota. A nan ne akasarinmu ke tsayawa, a ce ai takardun ba su ƙare ba, sai sun ƙare a sabunta. In sun ƙare kuma a ba wani ɗan kamasho ya sabunta su da sunan mutumin Legas ɗin nan dai, shekara da shekaru. Ka biya kuɗinka, kana zuba mai, kana sayen taya, amma a littafin gwamnati motar ta wani ce. Ran da aka sace ta, ba sunanka ne a rajista ba. Ran da ka so sayarwa, mai saye zai rage maka kuɗi don sai an nemo mutumin farko. Ran da ka nemi bashi a kanta, banki ba zai kalle ta ba. In kuwa mutumin ya mutu, ko ya zama maras tsoron Allah, yana iya cewa haya ya ba ka.

Hanya biyu ce. Ko a yi canjin mallaka a jihar da ta ba da lambar tun kana can, mai sayarwa na tsaye, a fito da sabuwar takardar mallaka da sunanka, ko a kawo ta Kano a sake rajista a ofishin lasin da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, a ba ka sabuwar lamba. Mu a ganinmu ta biyun ta fi wa mutumin Achika sauƙi, don duk shekara sai an sabunta lasin, kuma in wata matsala ta taso gara ofishin da za ka je ka dawo ka yi la'asar a gida da wanda sai ka kwana biyu a hanya. Za a nemi takardar kwastan, da tsohuwar takardar mallaka, da takardar ciniki, da shaidar 'yan sanda, da katin shaidarka. Jami'an duba lafiyar mota za su duba birki da fitila da taya su ba da tasu takardar. Lambar kanta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga ta, jiha ta raba. Haruffa uku na farko na ƙaramar hukuma ne. Launin rubutun kuma a kula da shi: ja na motar haya ne, shuɗi na motar gida, kore na gwamnati. Motar da za ta yi dako ja za a sa mata. Bayan an karɓa a sa wani ya duba lambar a na'urar hukumar, don akwai masu buga lambar bogi da ido ba ya bambanta ta da ta gaske. Ka je da ƙafarka, ka biya a banki, ka karɓi rasidi. Ɗan kamashon da ya ce zai yi maka a rabin kuɗi, ka tambayi kanka wane rabin ne zai bari.

Direba kuma ya zama mai lasin aji G, wanda shi ne na tirela. Tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ke kama motar haya da ba ta da na'urar taƙaita gudu, a duba ko tana jiki. 'Yan Karota na nan gida da takardun ƙananan hukumomi na hanyar kudu kuwa, wannan kowane direba ya fi mu saninsu.

Yanzu sai inshora, inda muke so a buɗe kunne, don a nan ne dukiyar ɗan kasuwa ta fi salwanta yana ganin a rufe take.

Abu na farko, inshorar mai sayarwa ba ta biyo mota. Yarjejeniya ce tsakanin kamfani da wancan mutumin. Ran da ya sayar, ya fita daga ciki, kai kuma ba ka shiga ba. Ko da saura wata takwas a jikin takardar, in hatsari ya faru a hanyar dawowa, a Lakwaja ko Kaduna, kamfani yana da bakin cewa bai san ka ba. Saboda haka ranar da aka biya kuɗin mota ranar za a yanki sabuwa da sunan mai saye, kafin taya ta juya. Kuma a biya kuɗinta nan take, don ƙa'idar da ake bi tun 2013 ita ce, wanda bai biya ba babu kariya a kansa, ko an rubuta masa takarda.

Abu na biyu, takardar nan da ake nuna wa ɗan sanda a shingen hanya ba don kai aka yi ta ba, don wanda motarka ta yi wa ɓarna aka yi ta. Tun 1945, zamanin Turawa, doka ta wajabta ta, dokar 2003 ta ƙara da ɓarnar dukiya, a 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka da ta tattara dokokin inshora wuri guda. A farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa ta yanka daga 1 ga Janairu 2023, ƙaramar motar gida naira 15,000 ce a shekara, babbar motar dako kuwa naira 100,000, kuma abin da kamfani zai biya na dukiyar wani da babbar motar dako ta lalata ya tsaya a naira miliyan 5. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta kama marasa ita. To a lura da kyau. In tirelarka ta ƙwace ta afka wa shagon wani ko motar wani a gadar Wudil, wannan takarda za ta tsaya maka. Amma motarka da ta rugurguje, ba ta cikin lissafi. Hatsin da ya watse a kwalta, shi ma ba ya ciki.

Mu yi lissafin kasuwa. Tirela tan talatin buhu 300 ke nan na kilo ɗari. A ƙaddara buhu naira 50,000, don lissafi ya yi sauƙi, wanda ya so ya sa farashin yau. Kuɗin kaya ya tashi naira miliyan 15. Sau da yawa kuma ba na mutum ɗaya ba ne, wannan yana da buhu arba'in, wancan sittin, wata tsohuwa tana da biyar. In motar ta faɗi cikin ruwan sama, ko ta kama wuta, ko jama'ar gari suka yi wawason abin da ya zube kafin gari ya waye, wa zai biya? Takardar naira 100,000 ba ta ce komai a kan wannan ba.

Kada mai mota ya ce ai ƙaddara ce, ba ruwana. A mazhabarmu ta Imamu Malik ɗan dako amintacce ne a kan kayan da aka ba shi, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci, amma malamai sun ware mai dakon abinci. Shi an ɗora masa lamuni, saboda abinci abu ne da hannu ke saurin kai wa, sai fa in ya kawo shaidun da suka ga yadda kayan suka halaka ba da laifinsa ba, ko kuwa mai kayan yana tare da shi a tafiyar. To ka ga ɗan kasuwar hatsi da ya sayi tirela ya fara ɗaukar kayan mutane daga Dawanau ko Darki, ya fita daga sahun masu kaya ya shiga sahun masu lamuni, ko ya sani ko bai sani ba. Jiya shi ke bin mai mota, yau shi za a bi.

Abin da ke rufe wannan ɓaraka iri biyu ne, kuma kowanne da kuɗinsa daban. Akwai inshora mai game duka, wadda ke biyan motar kanta in ta yi hatsari ko ta ƙone ko an sace ta. A ƙa'idar 2023 kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Da nauyi, ba mu musa ba, kuma wasu kamfanonin ba sa son tsohuwar mota ƙwarai. Akwai kuma inshorar kaya a kan hanya, wadda ake yanka ko don tafiya ɗaya ko don shekara. Ga mai hatsi, in dole sai ɗaya zai iya, mu wannan ta biyun muka fi ba ƙarfi, don mota in ta faɗi ana tayar da ita, ƙarfenta ma kuɗi ne, amma geron da ya sha ruwa ya tafi. Sai dai a sa a karanta maka sharuɗɗan da Hausa kafin ka sa hannu. A tambaya ko ta haɗa da fashi da wawaso, ko ta yarda da tafiyar dare, ko tana aiki in an tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram. A riƙe webil mai yawan buhu da sunan masu kaya. A kuma san cewa lodin da ya wuce ƙa'ida, da ɗora mutane a kan buhuna kamar yadda direbobinmu ke yi don kuɗin cefane, da ba yaron mota tuƙi, duk ƙofofi ne da kamfani zai bi ya fita. In abu ya faru a sanar da su nan da nan, a ɗauki hoto, a karɓi rahoton 'yan sanda.

Ita ma ta dolen, rabin wadda ke yawo a aljihun direbobi ba mu yarda da ita ba. Ana buga ta a gindin bishiya kusa da ofishin lasin, da sunan kamfanin da babu shi, ko da sunan na gaske amma kuɗin bai isa wurinsa ba. Gwajinta ba wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun da ake shigar da kowace takarda ta gaske, a danna *565*11# a waya a sa lambar mota. In sunanka bai fito ba, takarda kawai ka saya.

Mun san abin da ke zuciyar da yawa daga masu karatu, don mu ma a zauren da suka tashi muka tashi: shin inshora ta halatta? Malaman da suka hana suna da hujja, don akwai garari a ciki, ka biya ba ka san ko za ka karɓa ba, ga kuma juya kuɗin da ake yi da ruwa. Majalisar malaman fiƙihu ta Makka a 1978, da ta Jidda a 1985, duk sun tafi a kan haramcin inshorar kasuwanci, amma kuma suka halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. A Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979. Yadda take, kowa yana zuba kuɗinsa a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda masifa ta faɗa wa a ɗiba a ba shi, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusu, in an yi rara a ƙarshen shekara a mayar wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Wannan ai ba sabon abu ba ne gare mu, shi muke yi in rumfar wani ta ƙone a zaga da kwano, bambancin kawai an tara tun wuta ba ta tashi ba. A Nijeriya an fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasin irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful, takardarsu kuwa ɗan sanda yana karɓarta kamar kowace. Ba talla muke wa kowa ba, su ma a karanta sharuɗɗansu. Amma uzurin cewa babu ta halal ya riga ya faɗi. Mai sauran shakka ya ɗauki takardar ya kai wa malaminsa.

Saura masu jirgi. 'Yan uwanmu na bakin kogin Wudil, masu fito da masu su da masu ɗibar yashi, wasunsu kan je Yawuri ko wasu garuruwan bakin tafkin Kainji su sayo jirgin katako na hannu, wani har da injin Yamaha, a ɗoro a mota. Jirgin katako ba shi da lambar casis, saboda haka takardar ciniki ita ce komai nasa: tsawo da faɗi, irin katako, sunan wanda ya sassaƙa, da shaidar sarkin ruwan garin da aka saya. Injin kuwa yana da lamba a jikinsa, kuma shi ɓarayi suka fi ɗauka, a rubuta ta a karɓi rasidi. Hukumar da ke rajistar jiragen cikin gida ita ce hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, shelkwatarta na Lakwaja, tana kuma da ofis a Yawuri. In jirgin yana da rajistarta a karɓi takardar a nemi a mayar da sunan, in ba shi da ita a tambaya tun a can. Ƙa'idojinta na 2023 sun hana tafiyar dare, sun wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja, sun hana wuce adadin da aka yanka wa jirgi.

Ba sai mun je nesa neman dalili ba. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya tsage da mutane a kusa da Warra ta ƙasar Ngaski a jihar Kebbi, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar nan dai, a nan jiharmu, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. A duka biyun an ambaci yawan lodi. Jirgin da mai shi ya yarda ya rabu da shi a Yawuri, sau da yawa don ya tsufa ne, katakon ƙasa ya fara ruɓewa an toshe shi da kwalta da tsumma. A kife shi a tudu a bi shi da tsinken ƙarfe kafin a biya.

A fiƙihu mai jirgi ba ya ramuwar abin da iska ko igiyar ruwa ta nutsar, sai dai ba shi da kuɗin fito sai ya kai kaya gaci. Amma wannan sassauci na wanda bai ƙetare iyaka ba ne. Wanda ya loda buhu talatin a jirgin buhu ashirin, ya ɗora babur, ya ƙara da mata da yara masu komawa daga kasuwa, ba iska ce ta nutsar da shi ba, kuma bayan dukiya akwai maganar diyya. Kamfanonin inshora ba su cika waiwayar ƙaramin jirgin katako ba, wanda suka yarda su karɓa ma sai mai rajista da shaidar an duba lafiyarsa. Saboda haka masu fito na kowane mashigi su kafa asusunsu a hannun sarkin ruwa, kowane jirgi ya riƙa zuba wani abu ranar kasuwa, daga ciki a fara sayen rigunan ruwa. A kuma ja layi da farin fenti a cikin kowane jirgi, a rubuta adadin mutane da na buhu a goshinsa inda mai shiga zai gani, da boko da ajami.